TSORON DA YA BIYO MUTUM GIDA

Ina gaishe ku, ku 'yan kasuwar Malanbil, masu albasa da masu shinkafa, masu kifi da masu hatsi, da 'yan dako, da direbobi, da masu tuƙa kwalekwale. Ina gaishe da mutanen Tumbutu, Tumbutu ta ƙasar Malanbil na ke nufi, ba ta ƙasar Mali ba. Ina gaishe da na Gene da Garu da Madekali, da 'yan'uwa na ƙetaren kogi a Gaya. Ina gajiya? Yaya ciniki? Ku ɗan ajiye mudu, ku ba ni kunnuwanku, domin maganar yau ta shafi ko wane gida.

Mutanen da sun ce, tsoro na daji, kunya na gida. Watau tsoro yana da wurinsa. In ka ga dorina ta ɗago kai kusa da kwalekwalenka, dole gabanka ya faɗi, ka juya da sauri. Wannan tsoro alheri ne, shi ya ke kai ka gida lafiya. Amma akwai wani tsoro wanda ba ya tsayawa a daji. Yakan biyo mutum har gida, ya shiga ɗaki, ya kwanta tare da shi a tabarma ɗaya. Dorina ta tafi tun bara, amma gaba bai daina faɗuwa ba. A kan wannan tsoro za mu yi magana yau, da yadda waƙa, da zane, da saƙa, da rubutu su ke taimakon mutum ya fuskance shi.

ABIN DA IDONKU YA GANI

Ba sai na faɗa muku daga ina tsoro ya ke fitowa ba, mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Amma bari mu tuna abu uku.

Na fari, ruwa. Kogin Kwara shi ne arzikin wannan ƙasa, shi ne kuma abin fargabarta. A shekara ta 2010 ambaliya ta taɓa gundumomi 55 cikin 77 na ƙasar Benin, ta shafi mutum wajen 680,000. A 2013 kogi ya sake tumbatsa a ƙasar Malanbil da Karimama, ya ci gonaki da gidaje. Akwai waɗanda suka fita da tsakar dare, goyo a baya, ruwa har gwiwa, ba su tsira da kome ba sai tufafin jikinsu.

Na biyu, iyaka. Tun 1958 akwai gada tsakanin Malanbil da Gaya, ita ta raya wannan kasuwa. A ran 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Bayan 'yan kwanaki ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka rufe gadar. Manyan motoci suka jeru a hanya mako bayan mako, kaya suka lalace, jari ya karye, bashi ya hau kan mutane da yawa.

Na uku, bindiga. Tun ƙarshen 2021 'yan bindiga suka fara kai hari a arewacin Benin. A ran 17 ga Afrilu, 2025, aka kashe sojoji 54 a gandun dajin W, bisa ga lissafin da gwamnati ta bayar. Akwai ƙauyukan da mutane suka tashi suka bar gonakinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi a 2019, ta ce a wuraren da aka yi fama da tashin hankali, wajen mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wani ciwo na zuciya da tunani, ko baƙin ciki mai nauyi, ko fargaba, ko makamancinsu. To, duba layin rumfarku, ka ƙidaya mutum biyar. Ka ga maganar ba ta nesa ba ce.

YADDA TSORO YA KE AIKI A JIKI

Cikin ƙwaƙwalwar ko wane mutum akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, likitoci suna kiransa amigdala. Aikinsa aikin mai gadi ne. Da ya hango hatsari sai ya buga ƙararrawa, tun kafin mai gida ya yi tunani. Nan da nan wasu 'yan halittu biyu da ke bisa ƙoda su zuba wani ruwa cikin jini, sunansa adirenalin. Sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, ciki ya murɗa, gumi ya karyo. Jiki ya shirya ke nan, ko ya yi faɗa ko ya gudu. In hatsari ya wuce, mai gadi ya koma ya zauna, jiki ya kwanta.

Amma wani lokaci, in firgitar ta yi tsanani, ko kuwa ta daɗe, sai mai gadin nan ya ƙi zama. Ya riƙa buga ƙararrawa dare da rana. Hausawa sun san wannan tun kafin likitoci su ba shi suna, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hadari ya haɗo a gabas, uwargida ta kasa cin abinci. Tayar mota ta fashe a tasha, ɗan dako ya zube ƙasa yana rawar jiki. Yaro mai shekara bakwai, wanda ya daina fitsarin kwance tuntuni, ya koma yi. Attajiri ya kwanta, idonsa biyu har asuba, yana lissafin bashi ɗaya sau ɗari.

Ka lura da kyau, ya mai sauraro. Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuwa hauka ba ne. Rauni ne, kamar targaɗe, sai dai ido ba ya ganinsa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

CIKI BA DON TUWO KAƊAI AKA YI SHI BA

Na san abin da wani dattijo zai ce mini. Zai ce, “Malam, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji ba ya kuka a kasuwa.” Gaskiyarka, Baba. Riƙon asiri hali ne na manya, ba wanda ya ce ka shimfiɗa zuciyarka a bakin hanya kamar tumatir. Amma ka tuna da maruru. In ya nuna, ka rufe shi da riga mai tsada, ya warke? A'a. Sai ya ƙara zogi, ya hana ka barci, har ya sa maka zazzaɓi. Sai an buɗe shi, mugunya ta fita, kana a sami sauƙi.

Haka tsoro ya ke. Mai ɓoye shi yakan fara da gudun wurin da abin ya faru. Sa'an nan ya guji zancen. Sa'an nan ya guji mutanen da za su tuna masa. A hankali duniyarsa ta ƙuntata, har ta koma kamar akurki. Waɗansu kuwa su nemi mafaka wurin ƙwaya, irin su taramol, ko barasa. Ƙwaya takan rufe bakin mai gadi na 'yan sa'o'i, in ta sake shi kuwa sai ya tashi da ihun da ya fi na jiya.

Amma ga wuyar abin. Sau da yawa mai tsoro ba ƙin faɗi ya ke yi ba, kasawa ya ke yi. Ka tambaye shi, “Me ke damunka?” Ya buɗe baki, magana ta maƙale a maƙogwaro. Sai ya ce, “Ba kome.” To, a nan ne waƙa da aikin hannu su ke shigowa. Abin da baki ya kasa ɗauka ta ƙofa, sai hannu ya fitar da shi ta taga.

KAKANNINMU SUN SAN HANYAR

Wannan ba sabon abu ba ne da aka kawo daga Turai. Ku tuna da kakanninku mata a bakin dutsen niƙa. Mace tana niƙa tana waƙa, tana zuba abin da ke cinta a rai cikin waƙar, ko kewar gidan ubanta, ko zafin kishiya, ko ɗan da ya tafi fatauci bai aiko ba. Ba ta kama sunan kowa ba, amma ta faɗi. Kafin gari ya cika ƙwarya, zuciya ta yi sanyi. Haka waƙar daka, in mata uku sun kewaye turmi ɗaya suna lugude. Haka waƙar reno, wadda ta ke lallashin jariri ta lallashi uwar tare. Haka tatsuniya da dare, inda yaro ya ke haɗuwa da Dodo yana jingine da kakarsa, ya ji tsoro kaɗan, ya ga an ci nasara, ya yi barci. Yau injin niƙa ya karɓi aikin dutse, mun gode, ya hutar da hannu. Amma ku tambayi kanku, waƙar da a ke yi a bakin dutsen, ina ta koma?

Manyan malamai ma sun bi wannan hanya. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ga yaƙi da hijira tun tana yarinya, ta kuma binne masoya da yawa. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, cikin rubutunta kuwa akwai marsiyyoyi da dama, har da wadda ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Mace mai ilmi da daraja, ba ta ga kunya ba ne ta tsara baƙin cikinta baiti baiti.

A Zariya kuma an yi Malam Aliyu Namangi, wanda ya makance tun yana ƙarami. Shi ya tsara waƙoƙin nan da a ke kira Imfiraji, waɗanda makafi da masu ido suka haddace ko ina a ƙasar Hausa. Kalmar imfiraji daga Larabci ta fito, ma'anarta yayewar baƙin ciki, watau buɗi bayan ƙunci. Sunan kaɗai ya isa darasi.

Akwai kuma wani tsohon labari cikin Littafin Sama'ila na Fari. Sarki Saul ya shiga damuwa mai tsanani, har fadawansa suka nemo masa wani saurayi makiyayi, Dawuda, gwanin kaɗa molo. In abin ya taso wa sarki, Dawuda ya kaɗa, sai sarki ya sami sauƙi. Ku riƙe wannan labari, za mu komo kansa.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

A Ingila an yi wani mai zane, sunansa Adrian Hill. Tarin fuka ya kwantar da shi a gidan jiyya. Yana kwance ya riƙa zana abin da ke kusa da gadonsa, ya ga hankalinsa yana kwanciya. Ya koya wa sauran majiyyata, su ma suka ji daɗi. A 1942 ya sa wa abin suna, ya kira shi jiyya ta hanyar zane. Daga nan aikin ya bazu har ya zama sana'a da a ke koyo a manyan makarantu.

A 1986, a Amurka, wani malamin jami'a mai suna James Pennebaker ya gwada abin a kan ɗalibai 46. Ya sa waɗansu su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai a duniya, da yadda suka ji, minti 15 ko wace rana, kwana huɗu a jere. Waɗansu kuwa ya sa su rubuta zancen banza, kamar fasalin takalminsu. Da farko masu rubuta damuwa sun tashi da nauyin zuciya. Amma cikin wata shida da suka biyo baya, zuwansu asibiti ya yi ƙasa da na sauran. An sake gwajin sau da yawa a ƙasashe dabam dabam. Amfanin ba ya zuwa ga kowa daidai, ba kuwa ya da yawa ƙwarai, amma akwai shi.

A 2007 wani malami kuma, Matthew Lieberman, ya sa mutane cikin na'urar da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa, ya riƙa nuna musu hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro. Mai gadin nan da na gaya muku ya tashi. Amma sa'ad da aka ce su zaɓi kalmar da ta dace da fuskar, su ce wannan fushi ne, wannan tsoro ne, sai motsin mai gadi ya ragu. Ashe kiran abu da sunansa yana rage masa ƙarfi.

Mu komo Afirka. A birnin Harare na ƙasar Zimbabuwe, wani likita, Dixon Chibanda, ya ga masu ciwon zuciya sun yi yawa, likitoci kuwa kaɗan ne. Mutanen can suna kiran ciwon da wani suna mai ma'anar yawan tunani. A 2006 ya fara koya wa tsofaffin mata yadda za su saurari mutum, aka ajiye musu benci a harabar asibiti. Mai damuwa ya zo ya zauna da kaka har sau shida, su warware matsalarsa ɗaya ɗaya. Bayan haka ya shiga taron 'yan'uwansa, suna hira suna saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji, su sayar. A 2016 aka buga sakamakon gwaji a kan mutum 573. Bayan wata shida, cikin ko wane ɗari na waɗanda suka zauna a benci, wajen 14 ne su ke da sauran alamun baƙin ciki mai nauyi. Cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa, wajen 50 ne. Ku lura, ba saƙa kaɗai ta yi aikin ba. Kunne mai saurare ne a gaba, saƙa da zumunci suka riƙe abin da aka samu.

A nan Benin ma akwai misali. Gregoire Ahongbonon ɗan ƙasar nan ne, ya tafi Buwake ta ƙasar Kwaddibuwa yana sana'ar faci. Ya yi arziki har ya sayi motocin haya, sa'an nan ya karye ƙarƙaf, har ya yi tunanin kashe kansa. Ku 'yan kasuwa kun san ɗacin wannan. Da ya farfaɗo sai ya juya ga masu taɓin hankali da ke yawo a titi, da waɗanda aka ɗaure da mari a ƙauyuka. Ƙungiyarsa ta Saint Camille ta buɗe gidan jiyya a Avrankou a 2004, daga baya ta buɗe wani a Jugu, nan arewa. Suna ba majiyyaci magani irin na likita, in ya fara samun sauƙi su koya masa saƙa ko ɗinki ko noma. Da yawa cikin ma'aikatan gidajen, su ma dā majiyyata ne.

ME YA SA ABIN YA KE AIKI?

Dalili huɗu ne.

Na ɗaya, abin da ke ciki ya fito waje. Tsoro cikin duhun zuciya ba shi da iyaka, kamar kogi da dare. Amma in ka zana shi a ƙasa, ko ka tsara shi baiti huɗu, ya sami tsawo da faɗi. Kana iya dubansa, kana iya juya masa baya, kana iya share shi da tafin ƙafa.

Na biyu, labari ya sami kai da gindi. Mai firgita yakan tuna abin gutsure gutsure, ƙarar ruwa, kukan akuya, warin laka. Waƙa ko labari yakan tilasta shi ya jera su, ga farko, ga tsakiya, ga ƙarshe. Da an ce ga ƙarshe, sai zuciya ta fara yarda abin ya wuce.

Na uku, jiki ya kwanta. Mai waƙa dole ya ja numfashi ya sake shi a hankali, sakin numfashi a hankali kuwa yana rage gudun zuciya. Mai saƙar faifai ko taru hannunsa yana tafiya daidai daidai, kamar jijjiga jariri.

Na huɗu, mutum ya komo cikin mutane, ya kuma ga hannunsa yana da sauran amfani. Ruwa ya ci gonarsa ba da shawararsa ba, an rufe gada ba a tambaye shi ba. Amma wannan tabarma, shi ya zaɓi launinta, shi ya fara, shi ya gama.

YADDA ZA KA FARA

Kada ka ce, “Ni ba mawaƙi ba ne.” Ba gasa a ke yi ba, ba kuwa sarki za ka yi wa ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ka zaɓi abin da hannunka ya sani, abin da kuma zuciyarka ta natsu da shi. Wani ba ya son kiɗa, to, ya yi waƙar baki, ko ya yi rubutu, da boko ko da ajami. Wani ba ya son zanen abu mai rai, to, ga zanen ƙwarya, ga ɗinkin hula, ga saƙar tabarma, ga ginin tukunya. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗi labarinsa cikin wayarsa, ya saurara shi kaɗai, in ya so ya goge.

Ka ware ɗan lokaci, kamar minti 15, bayan an tashi kasuwa. Ka fara da gefen abin, kada ka faɗa tsakiyar kogi. A ce ke ce, uwargida, ruwa ya kore ki da dare. Kada ki fara da daren nan. Fara da gidan yadda ya ke dā, inda randa ta ke, inda murhu ya ke. Gobe ki ƙara taki ɗaya. In kin zo wurin tsoron, ki kira shi da sunansa, ki ce, “Na ji tsoro. Na zaci zan rasa ɗana.” Sa'an nan kada ki tsaya nan. Ki kai labarin har inda ƙafarki ta taka tudu, da wanda ya miƙo miki hannu, da wanda ya ba ki zane. Wannan ma gaskiya ne, tsoro ne ya ke ɓoye miki shi.

In hawaye sun zo, a bar su. In kuwa jiki ya ɗauki rawa, numfashi ya sarƙe, to, a dakata. A sha ruwa, a fita a dubi mutane, a bari sai wata rana. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan haka ka nemi mutum ɗaya mai riƙon amana ka nuna masa. Ku mata masu adashi, kuna haɗuwa ko wane mako domin kuɗi. Me zai hana ku ƙara rabin sa'a, ko wace ta zo da saƙarta, a yi waƙa, a saurari wadda ta ke da magana? Sharaɗi ɗaya ne, abin da aka faɗa a tabarma ya tsaya a tabarma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga yara kuwa, ku iyaye, ku yi haƙuri. Yaro ba ya iya cewa ina da fargaba, wasa shi ne bakinsa. In ka gan shi yana gina gida da laka yana rushe shi da ruwa, sau goma, kada ka kwaɓe shi. In ya zana masu bindiga a ƙasa, kada ka doke shi. Ka tsuguna, ka ce, “Ɗana, ba ni labarin wannan.” Ka saurara, kada ka gyara masa. In ya gama ka ce, “To, wa ya zo ya taimake su?” Ka bar shi ya zana wannan ma. Kada kuwa a tilasta wa kowa, yaro ko babba, ya faɗi abin da bai shirya faɗi ba.

INDA WAƘA TA TSAYA

Yanzu mu koma ga Sarki Saul. Molon Dawuda ya ba shi sauƙi, gaskiya ne. Amma labarin ya ci gaba, wata rana Dawuda yana cikin kaɗawa, sarki ya ɗauki mashi ya jefe shi. Watau akwai ciwon da ya fi ƙarfin molo. Zan yi muku ƙarya in na ce waƙa da saƙa suna warkar da kome.

Saboda haka ku riƙe waɗannan alamu. In mutum ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ya kasa fita sana'arsa. In yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko yana ganin abin da ba wanda ke gani. In mai jego ta ƙi jaririnta, tana kuka ba dalili. In ƙwaya ko barasa ta kama shi. Fiye da duka, in ya ce ya gaji da duniya, gara ya mutu. Wannan magana ba a wasa da ita. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga kusa da shi, a kai shi asibiti ran nan, ba gobe ba. A gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya duka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada a ɗaure shi da mari, kada a doke shi. Ciwo ne, yana da magani, mutane da yawa kuwa sun warke sun koma kasuwa.

Waƙa kuma ba ta gina madatsar ruwa, ba ta buɗe gada, ba ta biyan bashi. Waɗannan sai an tashi an yi musu aiki. Amma wanda ya yi barci da dare shi ke da ƙarfin zuwa wurin mai binsa bashi da safe, su zauna su yi magana.

Ya mai sauraro, wataƙila kai ne na ke magana da kai tun ɗazu. Kana murmushi a rumfa, kana auna wa mutane shinkafa, ba wanda ya san abin da ke kwana da kai. To, yau da dare, in kasuwa ta watse, ɗauki abu ɗaya, ko alƙalami, ko allura, ko kaba, ko muryarka kaɗai. Ba shi minti 15. In kuwa kai lafiya ka ke, dubi maƙwabcin rumfarka, wanda ya yi shiru tun shekarar da aka rufe gada. Ja kujera kusa da shi, ka ce, “Ɗan'uwa, kwana biyu ban ji dariyarka ba.” Sa'an nan ka yi shiru, ka saurara.

Nan za mu tsaya yau. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma miƙa ta gaba. Allah ya ba da kasuwa, ya kwantar da hankalin ko wane gida. Ku huta lafiya, sai wani mako.